Take Mai Yadi Goma Sha Tara

Bari in rubuta wannan tun bai tsere mini ba. A shekarun nan kaina ya zama kamar kwando, in na ɗebi ruwa, kafin in kai gida sai danshi. Jiya tun safe nake neman tabarau, sai da rana ta take na same shi a kan hancina. Amma labarin Sha-Kundum da takensa ya ƙi zubewa.

A lokacin muna haɗa kundin sani, irin babban littafin nan da mutum kan buɗe ya nemi bayanin kowane abu bisa jerin haruffa. Ɗakin aikinmu yana saman bene, a kan shagon wani tela. Taga biyu gare shi, da tebur uku, da wata doguwar kabad mai aljihu arba'in. Ni aikina duba shekaru da ranaku, abin da in na faɗa yanzu jikokina ke faɗuwa da dariya. Akwai Goggo Mai Tafireta, wadda ke buga duk abin da aka rubuta da hannu, kuma ita ke riƙe da takardu da katuna. Sai Sha-Kundum.

Ga yadda muke aiki. Kowace maƙala tana cikin ambulan mai lamba. Kowace ambulan tana da kati a cikin kabad, a kan katin an rubuta taken maƙalar da lambarta. Kafin kati ya shiga kabad, sai an kafe shi a allon bakin ƙofa kwana uku, duk wanda ya ga aibu ya faɗa, ko da mai wucewa ne. Ranar ƙarshe kuma, kafin a kai wa mai ɗab'i, marubucin kan zo da jama'arsa ya tsaya kamar baƙo, ya ce a nemo masa maƙalarsa ta cikin kabad. In an samo ta da wuri, take ya yi kyau.

Sanya take aikin Sha-Kundum ne. Da can mai rubuta allunan shaguna ne, kuma bai taɓa yarda an manta da haka ba. Makullin kabad yana rataye a wuyansa da igiya, yana tafiya yana kaɗa shi a ƙirji.

"Malam," yakan ce mini, "maƙala jiki ce, take shi ne kai. Ka taɓa ganin an gai da mutum ta ƙafa? Ni na sa wa shago ɗari uku suna, ba wanda ya rufe."

"Ban da na mai wanki," in ji Goggo, ba ta ko ɗago kai ba.

"Wannan gobara ce, Goggo, ba take ba ne!"

To, wata Talata, ko Laraba ce, sai ga surukinsa ya hawo benen yana dogara sanda. Tsohon alƙali ne, uban matar Sha-Kundum, mutum mai ƙarancin magana da yawan gira. Ya ajiye ambulan mai kauri a tebur. Shekara bakwai ya yi yana rubuta abin da ke ciki, shafi sittin da biyu, da hannunsa, kuma babu wani kwafi a duniya. Ɗabi'arsa ce tun yana kotu ba ya rubutu a bayan takarda. Ku riƙe wannan, ni ma da na riƙe shi da abin bai kai inda ya kai ba.

Maƙalar a kan dokar maƙwabtaka ce a wata ƙasa mai nisa. Sunan ƙasar yana bakin harshena tun da na ɗauki alƙalami, in ya fito zan faɗa muku. Abin da ya sa ta burge Alƙali shi ne, tuta ɗaya gare ta, amma doka uku. Mutanen tudu suna bin rubutacciyar doka. Mutanen kwari suna bin hukuncin alƙalan da suka gabata. Mutanen tsibiri kuwa abin da dattawa suka saba yi suke bi.

"Misali," in ji Alƙali, "bishiyar lemon maƙwabcinka ta leƙo gidanka, lemo ya faɗo. A tudu na mai bishiya ne. A kwari na mai tsakar gida ne. A tsibiri rabawa ake yi. Ban sa take ba, an ce aikinka ne. Ka kula, abin yana da rassa."

Sha-Kundum ya durƙusa har makullin ya taɓa ƙasa. "Allah ya gafarta, Baba, ka ɗauka an gama. Irin wannan ina hamma nake yin sa."

Alƙali yana sauka, Sha-Kundum ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. "Ƙa'idata ɗaya ce: ƙasa ɗaya, take ɗaya." Ya zari kati, ya rubuta da manyan haruffa masu jela, DOKAR ƘASAR KAZA (shi sunan ƙasar ya sa, ni ne na manta), ya kafe a allo, ya ja da baya yana kallo kamar wanda aka haifa wa ɗa.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga tela ya hawo, tef a wuya. Kullum yakan karanta allon nan, shi ne jaridarsa. Ashe shi ma yana rigima da maƙwabcinsa a kan wata bishiya.

"Yawwa, maigidan take! Wannan doka, me ta ce a kan lemon da ya faɗo gidan mutum?"

"Na mai bishiya ne."

"Kash!"

"A tudu," in ji Goggo.

"A kwari fa?"

"Naka ne," in ji Goggo.

"Alhamdu lillahi! To ni ta kwarin nake so. Wacce ce wannan da ka kafe?"

"Dukansu ce," in ji Sha-Kundum.

"Ka ce doka, ba ka ce dokoki ba. In mutum ya kawo mini yadi uku kala daban-daban ya ce riga ɗaya yake so, ai sai in tambaye shi wanne ne gaba."

Sha-Kundum ya yi dariyar manya. "Gwada ku nake yi. Na ga kuna farke." Ya cire katin ya cusa a aljihu.

Washegari ya shigo da sabuwar ƙa'ida: yanki ɗaya, take ɗaya. Ya rubuta kati uku, Dokar Tudu, Dokar Kwari, Dokar Tsibiri. Goggo ta sauke tabarau.

"Ɗan nan, tudun wace ƙasa? Ko duniya tudu ɗaya gare ta?"

Ya ƙara sunan ƙasar a kowane kati.

"To ambulan ɗaya ce. Wane kati zai ɗauki lambarta?"

Nan ya tsaya. In ya ba tudu, kwari ya zama ɗan rakiya. In ya ba kwari, tsibiri ya nutse. Ya kewaya tebur sau uku, sai ya buga tafi.

"Ba wanda za a fifita! Adalci ke nan. Katin tudu zai ce duba kwari. Katin kwari zai ce duba tsibiri."

"Na tsibiri fa?" in ji ni.

"Malam, bari in gama tunani, kada ka tare mini iska."

Da ya tsaya a nan da sauƙi. Amma da azahar ya zauna ya karanta maƙalar surukinsa, abin da bai taɓa yi wa kowace maƙala ba. A shafi na goma sha ɗaya ya gano cewa a tsibirin akwai wani garin bakin jirgi mai tasa dokar daban. Kati na huɗu. A shafi na ashirin ya gano wani ƙauye a kan iyaka wanda rabinsa ke bin tudu, rabinsa kwari, kuma iyakar ta ratsa ta tsakiyar wata rijiya. Kati na biyar da na shida, rijiyar ma ta samu nata. Kafin la'asar allon bakin ƙofa ya cika, ya fara kafewa a jikin ƙofar.

Mai gyaran agogo na tsallaken titi ya hawo kallo. Mai sayar da takalma ya biyo shi. Tela ya zama mai yi musu jagora.

"Wannan katin rijiya ne. Wancan na gugan rijiyar ne."

"Ƙarya kake, ba a yi na guga ba tukuna," in ji Sha-Kundum, sai kuma ya buɗe shafi na ashirin da ɗaya.

A kati na ashirin da uku Goggo ta tashi, ta kwashe sauran katunan da duk farar takarda, ta zuba a akwatinta, ta zauna a kai.

"Ko ƙyalle ba za ka ƙara samu ba. Katunan harafi biyar ka cinye a kan lemo ɗaya."

"Goggo, kina tauye ilimi!"

"Na tauye. Je ka kai ƙara, ka zaɓi yankin da kake so."

Ya kwashe katunan nan ya zuba su a kabad, kowanne a aljihun harafinsa, kowanne yana cewa duba wane. Ya kulle. Ya tafi gida bai yi wa kowa sallama ba.

Da safe na same shi ya riga kowa zuwa, fuska kamar an shafa mai. "Malam, na ga hanya. Kuskurena shi ne rarrabawa. Take ɗaya za a yi, amma wanda bai bar kowa a waje ba. Tudu, kwari, tsibiri, rijiya, duka a numfashi ɗaya. Ba a taɓa yin irinsa ba."

A gabansa ga tulin takardu farare tas, masu kauri, masu kyau. Ga burushinsa na da, ga kwalbar baƙin fenti. Na yi niyyar in tambaye shi inda ya samo takarda alhali Goggo na zaune a kan tata. Wallahi na yi niyya. Sai ya miƙo mini kwalbar gam ya ce in riƙe, tambayar ta bi iska. Ni na riƙe masa gam har shafi na goma sha biyar. Wannan ma na rubuta shi, don kada a ce na ɓoye nawa.

Kowace takarda kalma biyu ko uku take ɗauka, don haruffan allon shago ba su san ƙanƙanta ba. Yana rubutawa, muna liƙa gefe da gefe. Abin ya bi bango, ya wuce taga ta farko, ya karya kwana. Da gam ya ƙare, Sha-Kundum ya leƙa ta taga ya ƙwala kira.

"Tela! Kekenka na ɗinka takarda?"

"Kekena har fata ya ɗinka!"

Aka zura bakin taken ta taga, tela ya karɓa daga ƙasa. Sha-Kundum na rubutu a sama yana jefa shafi, tela na ɗinki a ƙasa, takarda na tafiya kamar ana saƙa. Masu wucewa suka tsaya. Wata mata ta tambaya ko labule ne, in na sayarwa ne a yanka mata na ƙofa biyu. Tela, don nuna gwaninta, har kalmasa ya yi wa gefen, ya sa masa maɗauki a kowane yadi. Da aka gama ya auna da tef, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Yadi goma sha tara da rabin taƙi!"

Aka yi tafi. Sha-Kundum ya ɗaga hannu daga taga yana amsawa. "Kaɗan kuka gani. Gobe in surukina ya zo, da bakinsa zai ce a rubuta sunana a bangon littafi."

Goggo ta ce, "Ɗan nan, kawo ambulan in fara bugawa."

"Gobe, Goggo. Yau ranar take ce."

Ranar nema ta zo. Alƙali ya hawo da abokansa biyu, su ma tsofaffin alƙalai, da 'yarsa matar Sha-Kundum, ta sha kwalliya don mijinta ya ce mata yau za a san wa ta aura. Tela ya rufe shago. Mai agogo ya zo da kujerarsa. Ɗaki ya cika har matakala. An rataye taken a kewayen bango, an lulluɓe shi da zannuwan gado huɗu.

Alƙali ya tsaya gaban kabad, ya dogara sanda. "Ni baƙo ne. Ina neman bayani a kan dokar maƙwabtaka a ƙasar kaza."

Sha-Kundum ya ciro makulli, ya nuna wa jama'a hagu da dama, ya buɗe aljihun harafin T. "Tudu! Ga shi. Ya ce, duba kwari." Ya ruga ɗaya ƙarshen. "Kwari! Duba tsibiri." Ya dawo. "Tsibiri! Duba garin bakin jirgi."

"Muna tafe," in ji tela.

Garin bakin jirgi ya tura shi ƙauyen iyaka. Ƙauyen iyaka ya tura shi rijiya. Rijiya ta tura shi guga. Zufa ta fara keto masa. Aljihu na buɗewa, aljihu na rufewa, ɗaya ya kama masa hannun riga, ya fizge, ya bar rabin hannun a ciki. Jama'a suka fara ƙirgawa da ƙarfi.

"Sha tara! Ashirin!"

A kati na ashirin da uku ya tsaya yana haki, ya ɗaga shi sama. "Ga na ƙarshe!" Ya karanta. Murya ta ragu. "Duba tudu."

Ɗaya daga cikin tsofaffin alƙalan ya yi dariya har haƙorinsa na roba ya faɗo cinyarsa.

"Wannan share fage ne!" in ji Sha-Kundum. "Tela, ja zani!"

Aka yaye zannuwa. Sha-Kundum ya hau kan tebur, ya cika ƙirji, ya fara.

"Dokar, ko kuwa Dokokin, Maƙwabtaka a Ƙasar Kaza, Wato a Tudunta Inda Lemo Na Mai Bishiya Ne, Ban da Kwarinta Inda Ba Haka Ba Ne, Tare da Tsibirinta Inda Ake Rabawa, Sai Dai Garin Bakin Jirgi Wanda Ba Ruwansa da Kowa, Haka Kuma Rabin Wani Ƙauye, Amma Ba Ɗaya Rabin Ba, Gami da Rijiyar da Ke..."

A nan numfashi ya ƙare masa, ko yadi na tara bai kai ba. Matarsa ta miƙa masa ruwa. Ya sha, ya ci gaba, yana tsallakawa daga tebur zuwa tebur, har ya dire a kalmar ƙarshe kusa da ƙofa. Wasu suka tafa, don tausayi.

Alƙali ya gyaɗa kai a hankali. "Na ji take. Ina maƙalar?"

"Ai ga ta nan, Baba." Ya ɗauko ambulan, ya miƙa da hannu biyu.

Alƙali ya buɗe. Ya leƙa. Ya kifa ta ya girgiza. Wani mataccen ƙuda ya faɗo.

A daidai lokacin rana ta kai taga ta biyu, ta haska takardun da suka gitta ta gabanta. Matar Sha-Kundum ta matsa kusa, ta ƙura ido.

"Maigida, me ya sa nake ganin rubutun Baba a bayan takenka?"

Ta kama gefe ɗaya ta juya. Ga rubutun Alƙali nan, siriri, a jere kamar tururuwa, zaren tela ya bi ta gefensa. Shafi na arba'in yana ɗinke da na bakwai. Na goma sha biyu kansa a ƙasa. Shekara bakwai, an yi musu kalmasa.

"Bayansu fari ne!" in ji Sha-Kundum. "Ni na ɗauka aronsu kawai zan yi. Ai ba a taɓa gabansu ba. Malam ma ya riƙe mini gam!"

Na ce, "Na riƙe." Me zan ce?

Tela ya fara zamewa wajen matakala. Mai agogo ya tare shi da kujera.

Alƙali bai ɗaga murya ba. Ya bi bangon nan da sandarsa, yana karkata kai inda shafi ya kife, yana ƙirgawa. Mu duka muka bi shi da ido har ya kai ƙofa. "Sittin da biyu," in ji shi. "Ba wanda ya ɓace." Sai ya ja kujera ya zauna, abokansa suka zauna dama da hagu, nan take ɗakin ya zama kotu.

"Kai, mijin 'yata. Takarda tawa ce, fenti naka ne. Ga lemo ya faɗo. Da dokar wane yanki kake so a yi maka hukunci?"

Sha-Kundum ya ce, "Ta tudu, Allah ya gafarta."

"Na mai bishiya ne. Takarda ta dawo gare ni, kai ka yi ɓarna."

"To ta kwari!"

"Na mai tsakar gida ne. Ɗakin nan a hannun wa yake?"

"A hannuna," in ji Goggo.

"Tsibiri, Baba! A raba!"

"An raba. Gaba nawa, baya naka. Zo ka cire naka ka bar mini nawa."

Dariya ta ɓarke har ƙasan bene. Matarsa ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa.

"Da ka karanta har shafi na sittin da biyu," in ji Alƙali, "da ka ga abu ɗaya da yankunan uku suka haɗu a kai. Wanda ya kakkaɓo, shi ke tsincewa. Tela, ba shi allura. Zai warware ɗinkin nan zare-zare, ya turara masu gam a bakin buta, ya jera su daga ɗaya. In shafi ɗaya ya yage, 'yata za ta zo gida ta huta har a liƙe shi. Makullin kuma, miƙa wa Goggo."

Sha-Kundum ya cire igiyar daga wuya kamar ana cire masa haƙori. Goggo ta karɓa, ta buɗe akwatinta, ta zari kati ɗaya ta sa a tafireta. Tak, tak, tak. Dokokin maƙwabtaka a ƙasar kaza, sai lambar ambulan. Ta buga ƙananan katuna uku, tudu, kwari, tsibiri, kowanne da sunan ƙasar, kowanne yana nuna wancan katin guda. Duk aikin bai kai tafasar ruwan buta ba.

"Ai abin da nake shirin yi ke nan," in ji Sha-Kundum daga ƙasa, allura a hannu. "Ta riga ni ne kawai."

Kwana goma sha ɗaya ya yi a kan tabarma yana tsintar zare, matarsa na zaune a kansa tana ƙirga shafuka. Ba wanda ya yage. Duk wanda ya hawo kallo, sai ya ɗago ya ce masa, "Ka dai shaida, yadi goma sha tara. Je ka nemo wanda ya yi ashirin."

Na ce zan faɗa muku sunan ƙasar in ya fito. Bai fito ba. Na je na tambayi Sha-Kundum, tunda shi ya rubuta shi da haruffa masu tsawon taƙi. Ya yi tunani, ya sosa ƙeya, ya ce in duba tudu.